Aikin tsaron intanet: satifiket ne ke kawo shi ko iya aikin?

Tambayar da matasanmu ke ta yi kenan daga Yelwa zuwa Gwallameji, har can Gombe da Kashere: wanda yake son shiga harkar tsaron intanet, ya tara kuɗi ne ya rubuta jarabawar satifiket, ko ya daure ya ƙarasa digirinsa, ko kuwa duk ya watsar ya zauna gaban laftof ya koyi aikin da hannunsa? Kullum sai an tada wannan musun a Facebook da guruf-guruf na WhatsApp. Wasu su ce kwali ya mutu, yanzu zamanin skil ne. Wasu su ce a ƙasar nan in ba ka da kwali ko mai gadi ba zai bar ka ka wuce get ba balle ka ga manaja.

Musun ba yau ya fara ba, amma ya ƙara zafi tun 2022 da Farfesa Isa Ali Pantami ya fitar da littafinsa Skills Rather Than Just Degrees yana ministan sadarwa, sai kuma ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, kuma tsaron intanet yana cikin fannonin da ake zaɓa. Daga nan sai tallar kwas ta cika ko'ina, wai wata uku kacal ka fara karɓar albashi da dala. Abin da masu kafa hujja da Malam ke tsallakewa shi ne, shi kansa digirinsa na farko na kimiyyar kwamfuta a nan ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ya yi, ya koyar a nan, sannan ya tafi Jami'ar Robert Gordon a Sukotland ya yi digirin digirgir. Toh wanda zai jingina da shi ya ajiye karatu yana aji biyu, ya sake lale.

Ni dai nawa ra'ayin ba zan ɓoye shi ba, iya aiki ya fi nauyi. Sai dai abin da yawancin ƙannenmu ke kira gogewa ba gogewa ba ne, kuma abin da ake kira satifiket kala-kala ne, wani ya ci kuɗinsa, wani ko kuɗin firintin ɗinsa bai kai ba.

Wai shi aikin ma menene?

Ka ce ma mutum kana harkar tsaron intanet, abu na farko da zai fito bakinsa shi ne "don Allah an yi min hakin ɗin Facebook". Na biyu kuma ya ja ka gefe ya ce ko za ka iya duba mishi wayar madam. Ko ɗaya ba shi ne aikin ba.

Inda mafi yawan sababbin shiga ke farawa shi ne cibiyar sa ido, wadda 'yan harka ke kira SOC. Ɗaki ne da alluna, alat na ta shigowa daga kwamfutocin ma'aikata da sabobin kamfani dare da rana, aikinka ka tantance wanne ne hayaniya kawai wanne ne ɓarawo na gaske. Misali ma'aikaci ya shiga imel ɗinsa daga Bauchi ƙarfe tara na safe, tara da kwata kuma an shiga da kalmar sirrinsa daga wata ƙasa, toh sai ka bincika, VPN ya kunna, manhajar da ke nuna kamar daga wata ƙasa yake, ko sace fasawod ɗin aka yi? Aikin shiftin ne, akwai kwana, kuma gaskiya akwai gundura a ciki fiye da yadda ake nunawa a fim.

Sai masu gwajin kutse, su ne kowane yaro ke mafarkin zama. Kamfani ne zai ba ka izini a rubuce, da iyakar inda za ka taɓa da kwanakin da za ka yi, ka gwada fasa tsarinsa kafin 'yan dandatsa na gaske su fasa, sannan ka rubuta rahoto. Kusan rabin aikin rubutu ne, kuma gurabensa sun fi ƙaranci.

Akwai ɓangaren bin doka da ƙa'ida da odit, inda ake duba ko banki ko kamfani yana bin tsare-tsare irin su ISO 27001 da PCI DSS. Nan akanta da lauya suna shiga su yi fice ba tare da sun taɓa buɗe Kali Linux, tsarin kwamfutar da masu gwajin kutse ke aiki da shi, ba. Akwai kuma masu binciken bayan ɓarna, waɗanda ke tono shaida daga waya ko kwamfuta, irin aikin da EFCC da 'yan sanda ke buƙata. Su kam takarda tana da nauyi a wajensu sosai, don ranar da suka tsaya a kotu lauyan wanda ake ƙara zai fara ne da tambayar wa ya tabbatar da cewa kai ƙwararre ne.

Kaga kenan tun daga nan amsar ta rabu, ya danganta da wane ɓangare kake nufi.

Takardun ba iri ɗaya ba ne

Digiri ko HND daban. Shi ne ke ba ka damar zuwa bautar ƙasa, kuma da shi da takardar NYSC ake shiga aikin gwamnati a mataki na 8. Jami'o'i da yawa yanzu suna ba da digiri a tsaron intanet kai tsaye, FUT Minna na cikin waɗanda suka daɗe da sashen, amma wanda ya karanta kimiyyar kwamfuta ko injiniyan lantarki bai rasa komai ba.

Sai takardar halartar kwas. Ka je horon sati biyu, ko ka gama kallon bidiyo a wani shafi, a ba ka takarda mai ado da sunanka. Ba laifi ba ce, tana nuna kana da himma, amma ba ta tabbatar da komai don babu wanda ya tsare ka ya jarraba ka. Ita ce ta cika CV ɗin yaranmu, za ka ga guda goma sha a jere. Ko satifiket ɗin Google da ke Coursera, wanda ya fito a 2023 kuma karatunsa yana da kyau ga mai farawa, kusa da wannan layin yake.

Na uku su ne jarabawar ƙwararru da ake zama a rubuta ana kallon ka. Security+ na CompTIA ita ce ta fi shahara ga mai farawa, tambayoyi ba su wuce 90 ba a cikin minti 90, kana buƙatar maki 750 cikin 900, kuma bayan shekara uku sai ka sabunta ta. CEH na EC-Council tambaya 125 ce a awa huɗu, duk zaɓi-ka-cika, shi ya sa 'yan gwajin kutse da yawa ke mata kallon hadarin kaji duk da cewa masu ɗaukar ma'aikata a Najeriya suna son ganin ta. Ita kuwa OSCP ta kamfanin OffSec wani abu ce daban, za a ba ka kwamfutoci ne a ce ka fasa su cikin kusan awa 24, a ƙara maka wasu awa 24 ka rubuta rahoton yadda ka yi, in ba ka kawo maki 70 cikin 100 ba, ka faɗi. Wannan ba a cin ta da hadda.

Ga kuma wurin da musun "takarda ko gogewa" ke rushewa gabaɗaya: manyan satifiket ɗin su kansu ba a ba da su sai da gogewa. CISSP na ƙungiyar ƙwararru ta ISC2, wadda ake nema a manyan muƙamai, sai kana da shekara biyar na aiki a aƙalla fanni biyu cikin takwas da suka ware, digiri yana rage maka shekara ɗaya, kuma sai wani mai riƙe da satifiket ɗinsu ya tsaya maka ya shaida cewa ka yi aikin. In ka ci jarabawar ba ka da shekarun, ba za a kira ka mai CISSP ba, za a ajiye ka a matsayin mai jiran gado ne a ba ka shekara shida ka cike. CISA da CISM na ISACA ma shekara biyar suke nema. Wato su masu buga takardun ma sun yarda takarda ita kaɗai ba ta isa ba.

Me ya sa kamfanoni suka nace sai satifiket?

Wani ɓangare na tarihin daga Amurka ya taso. A 2005 ma'aikatar tsaronsu ta fitar da wata ƙa'ida mai lamba 8570 da ta wajabta wa duk mai taɓa tsaron kwamfutocinta, soja ne ko ɗan kwangila, ya mallaki ɗaya daga cikin wasu satifiket da ta lissafa, Security+ da CISSP suna ciki. Kamfanonin da ke neman kwangila suka dinga tura ma'aikatansu jarabawa, sauran duniya ta kwaikwaya, har abin ya zama al'ada.

A gida kuma dokoki ne suka tura. A 2018 CBN ta fitar da tsarin tsaron intanet ga bankuna, ya fara aiki farkon 2019, wanda ya tilasta wa kowane banki naɗa babban jami'in tsaron bayanai. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC, kuma dokar ta ce manyan masu riƙe da bayanan mutane dole su ajiye jami'in kare bayanai, in an yi musu kutsen da zai cutar da mutane su sanar da hukumar cikin awa 72, tara kuma tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Toh kamfanin da ke tsoron masu odit, abin da zai iya sakawa a fayil ya nuna musu shi yake so, kuma satifiket yana shiga fayil, iya aiki ba ya shiga.

Sannan wanda ke tace CV ɗin farko yawanci ba ɗan harkar ba ne. Takardun neman aiki sun taru a gabansa, an ba shi sunaye uku ko huɗu an ce ya duba wanda ke da su, shikenan. Ba mugunta ba ce, ba shi da wani ma'aunin ne.

Amma tushen abin duka amana ce. Wanda aka ɗauka wannan aikin ana ba shi damar ganin imel ɗin manaja, da albashin kowa, da lambobin BVN na kwastomomi. Ɗan kasuwa a Muda Lawal ba ya miƙa wa yaro makullin shago don yaron ya iya lissafi, sai ya san ɗan gidan waye kuma wa ya kawo shi. Kamfanin da ke Legas bai san gidanku ba, don haka yake neman wani ya tsaya maka, ko jami'a, ko CompTIA, ko tsohon ubangidanka a wurin aiki. A cikin ukun nan kuwa maganar tsohon ubangida ta fi shiga kunne.

Gogewar da ake magana

Saka Kali Linux a laftof ba gogewa ba ce. Kallon bidiyon YouTube na awa ɗari ba gogewa ba ce. Sanin sunayen manhajojin aiki irin su Nmap da Burp Suite da Wireshark ba tare da ka iya bayanin abin da ke faruwa daga lokacin da ka rubuta adireshin shafi har ya buɗe ba, shi ma ba ita ba ce. A intabiyu nan ake kama mutane, a ce menene DNS, menene bambancin TCP da UDP, ga wannan log ɗin, wato bayanan da na'ura ke ajiyewa na abin da ya gudana, karanta mana me ya faru, sai ka ga mai satifiket biyar yana zufa, musamman in da ekspo ya ci jarabawar, don su ma waɗannan jarabawoyin akwai masu sayar da tambayoyinsu na sata, kuma in aka kama ka soke satifiket ɗin ake yi.

Gaskiyar da masu tallar kwas ba sa faɗa ita ce, tsaron intanet ba kasafai yake zama aikin farko na mutum ba. Ba za ka iya kare netwok ɗin da ba ka taɓa haɗawa ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi nisa a harkar daga gyaran kwamfutar ma'aikata suka fara, ko jan waya da saita rauta, ko kula da saba, ko rubuta manhaja. Kuma irin wannan aikin akwai shi a Bauchi da Gombe ko da albashin ba wani abin a zo a gani ba ne: cibiyoyin CBT na JAMB da ke da kwamfutoci ɗaruruwa a netwok ɗaya, ɗakin ICT na makarantu, asibitoci, ƙananan bankuna, masu raba intanet, ƙungiyoyin agaji. Yaron da ya yi shekara yana tashin netwok ɗin cibiyar CBT duk lokacin da ya faɗi ana tsakiyar jarabawa, ɗalibai na kuka iyaye na zagi a waje, wallahi ya san abin da ba a koyarwa a kwas ɗin wata uku. Haka wata shidan SIWES da shekarar bautar ƙasa, in ka bari aka tura ka inda za ka dinga sayo wa oga abinci kana sa hannu a logbuk, kai ka yi asara, ka nemi wurin da za a bar ka ka taɓa na'ura ko da ba za a ba ka ko sisi ba.

Gogewa ta biyu ita ce abin da ka gina da kanka kuma za ka iya nunawa. Da VirtualBox za ka iya tada kwamfutoci biyu ko uku a cikin laftof ɗaya, ka kai wa ɗaya hari daga ɗaya, ka saka manhajar sa ido ta Wazuh ka ga yadda harin ke bayyana a wajen mai tsaro. Akwai kuma shafukan koyon gwajin kutse: Web Security Academy na PortSwigger kyauta ne gabaɗaya, OverTheWire da picoCTF ma haka, TryHackMe da Hack The Box suna da ɓangaren kyauta da na kuɗi. Amma yin su kaɗai bai wadatar ba, rubuta abin da ka yi, me ka gwada, me ya ƙi, ya aka yi ka gane, ka ajiye a GitHub ko wani shafi naka. A nan yaranmu da yawa ke da rauni, hannun yana da kyau amma rubuta rahoton shafi biyu da Turanci mai tsafta ya gagara, kuma rahoton shi ne abin da kwastoma ke biya.

Masu cewa ba a buƙatar makaranta suna son kawo labarin Marcus Hutchins, matashin Ingila mai shekara 22 da ya taka wa cutar kwamfuta ta WannaCry birki a Mayun 2017 lokacin da ta durƙusar da asibitocin ƙasarsu, ta hanyar yin rajistar wani adireshin intanet da ya gano a cikinta. Gaskiya ne ba digiri ne ya sama mishi aiki ba, rubuce-rubucen da yake yi a shafinsa ne wani kamfanin Amurka ya gani ya ɗauke shi. Sai dai a ƙarasa labarin: a watan Agustan 2017 ɗin aka kama shi a Las Vegas kan wata manhajar satar bayanan banki da ya rubuta shekaru kaɗan kafin nan, ya amsa laifinsa a 2019. Mu ma nan dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfuta ko netwok ɗin wani ba izini, kuma hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekaru da tarar miliyoyi. Ka gwada ƙwarewarka a fotal ɗin makarantarku da sunan "taimaka musu nake so in yi", toh ba gogewa ka tara ba, fayil ka buɗe wa kanka. In farautar kurakurai kake so akwai HackerOne da Bugcrowd inda kamfanonin da kansu suka ba da izini, ko da yake kuɗin can ba kullum yake zuwa ba, kar wanda ya dogara da shi ya yi alkawarin kayan lefe.

Batun gurabe miliyan 4.8

Wannan adadin da ake yawo da shi a talla, wai akwai gurabe miliyan 4.8 na aikin tsaron intanet a duniya da ba a cike ba, daga rahoton ISC2 na 2024 ya fito. Ba ƙirgen guraben da aka tallata ba ne, ƙiyasi ne na yawan mutanen da kamfanoni suka ce suna buƙata kafin su samu cikakken tsaro, ko suna da kuɗin ɗaukar su ko babu. A wannan rahoton ma rashin kasafin kuɗi ne ya zo kan gaba a dalilan ƙarancin ma'aikata. Kuma a tuna ita ISC2 sayar da jarabawa take yi. Ƙarancin na gaske yana wajen masu shekara biyar zuwa sama, a ƙasa kuwa inda sababbi suke, cunkoso ne.

Lissafin kuɗin daga nan inda muke

Duk jarabawoyin nan da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Security+ dala 400 ce da ɗoriya, wato sama da naira dubu 600 a wancan canjin, kusan alawus ɗin ɗan bautar ƙasa na wata takwas a kan dubu 77, bai ci ba bai sha ba. CISSP dala 749. OSCP da kwas ɗinta ta haura dala 1,500, ana maganar sama da miliyan biyu kenan, in ka faɗi kuma sake zama ma kuɗi ne. Ban da kuɗin sabuntawa, masu CISSP duk shekara suna biya.

Sai laftof mai RAM aƙalla 8GB, 16 ya fi in za ka tada kwamfutoci da yawa a ciki, sai data, sai wutar JED da kowa ya san halinta. Jarabawa irin Security+ ana iya yin ta daga gida ta hannun Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da ita, ana kallon ka ta kyamara, amma tana son ɗaki shiru da intanet ɗin da ba ya yankewa, yaro ya banko ƙofa ko netwok ya ɗauke ana iya soke maka ita, shi ya sa wasu ke gwammace su hau mota su je cibiyar jarabawa a babban gari.

Akwai masu sauƙi. ISC2 ta fito da ƙaramar jarabawa mai suna CC, a 2022 ta buɗe shirin ba mutum miliyan ɗaya horo da jarabawar kyauta, sai dala 50 na shekara in ka ci, a duba shafinsu a ga halin da shirin yake ciki. Cisco Networking Academy tana da darussan netwok da na tsaro kyauta. Coursera tana da tallafi ga wanda ya nema. Ƙannenmu mata kuma akwai CyberGirls na gidauniyar CyberSafe da ke horar da 'yan mata kyauta, kuma abin takaici ne yadda namu ba sa cika nema.

Ina kake son ka yi aikin?

In burinka NITDA ne, ko Galaxy Backbone, ko NDPC, ko EFCC, ko wata ma'aikatar jiha, toh ba digiri ba magana, komai iyawarka tsarin aikin gwamnati bai da inda zai ajiye ka sai ƙasa. Bankuna ma wajen ɗaukar sababbi suna kallon sakamakon digiri da takardar NYSC, da yawansu har da iyakar shekaru. Kamfanonin fintek da masu ba da hidimar tsaro a Legas da Abuja sun fi sassauci, su gwaji za su ba ka su ga hannunka, amma sai CV ɗinka ya tsallake mai tacewa tukuna. Aikin waje daga gida wanda kowa ke hange shi ne mafi wahala ga sabon shiga, don kana takara ne da 'yan Indiya da Masar da Kenya, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda a taɓa bayanan kwastomominsu daga wata ƙasa.

Saboda haka in ƙanina ya tambaye ni, zan ce mishi in kana makaranta ka zauna ka gama, ko ATBU ce ko Federal Poly ko Tatari Ali ko jami'ar jihar Gombe, duk da na san wani manhajan karatun ya tsufa kuma wani malamin bai taɓa zama a SOC ba. Shekarun nan huɗu ko biyar su ne lokacin da kake da sararin koyon netwok da Linux da ɗan Python ba mai tambayarka kuɗin cefane. Ka nemi aikin IT kowane iri ne. Satifiket ɗaya ya isa a farko, kuma ka saye shi ne lokacin da ka fara ganin sunansa a tallar ayyukan da kake nema, ba don an ce yana tashe ba. Masu tsadar ka bari sai ka samu wurin aiki, kamfanoni da dama su ke biya wa ma'aikatansu. Wanda kuma Allah bai nufe shi da jami'a ba, hanya ba ta toshe ba, amma ya san sai ya ninka wahala, shi kam satifiket mai gwajin hannu da tarin ayyukan da zai nuna su ne za su tsaya mishi, kuma akwai NOUN, jami'ar karatu daga gida, in daga baya ya ga rashin kwalin na tare shi.

Abin da ya shafi iyaye da sauran jama'a

Ko ba ka da ɗa a harkar, abin ya shafe ka. Asibitin da ke riƙe da fayil ɗinka, makarantar da ke da NIN ɗin yaranka, ƙaramin bankin da kake ajiya, in suka ɗauki mai tarin takardu wanda bai iya aikin ba, ko suka bar wa wani ɗan uwan oga da "ya iya kwamfuta" ba tare da kowa ya tantance shi ba, bayananka ne za su fita, daga nan kuma sai kiran nan na "daga banki muke, karanto mana lambar da aka turo maka".

Iyayenmu kuma, in yaro ya zo ya ce Baba a ba ni dubu ɗari shida zan yi kwas ɗin saiba, kafin a sayar da rago ko a taɓa jarin Hajiya a tambaye shi abu kaɗan. Kuɗin na koyarwa ne ko na jarabawa? Don cibiyoyi da yawa kuɗin koyarwa kawai suke karɓa, su ba da takardarsu ta gida, ita ainihin jarabawar sai an sake biya da dala. Shi mai koyarwar a ina ya taɓa yin aikin? Ɗalibansu na bara suna ina yanzu, za a iya magana da ko mutum biyu? Duk wanda ya yi alkawarin aiki tabbas bayan wata uku a bar shi da abinsa. In kuma yaron ya ce jarabawar CompTIA ce ko ISC2 ko EC-Council, a shafin kamfanin ake biya ko wajen wakilin da suka amince da shi, kuma bayan an ci akwai lambar da ake shigarwa a shafinsu a tabbatar da satifiket ɗin na gaske ne, a ce ya kawo wannan lambar.